Ƙararrawar Baba Madu

Duk ƙauyen nan na gefen Minjibir an san Baba Madu ya yi aikin jirgin ruwa da ƙuruciyarsa, amma fa jirgi ne da bai taɓa zuwa ko nan da can ba. Da sarƙa aka ɗaure shi kusa da wani tsibiri, aka ɗora masa fitila da ƙararrawa don manyan jiragen fasinja su gane hanya. Matarsa Yakaka takan ce, "Kowa ya hau jirgi ya ga duniya, ban da Malam. Shi turke ya hau."

Shi ko a jikinsa. Labarinsa ɗaya ne, an ji har an haddace: ranar da hazon teku ya rufe, suna ta buga ƙararrawa, wani ƙaton jirgi ya bi sautin tiryan-tiryan har ya raba nasu biyu. Ɗan kwalekwalen da ke rataye a gefe shi ya fitar da su.

Shekarar da fari ya ƙone gonaki, mata suka koma daka a ƙuryar ɗaki, don wanda ya ji taɓarya zai zo, wanda ya zo kuma ba a hana shi bisimilla. Yakaka ma ta mirgina turminta ciki, tun da rumbunsu na da saura.

Madu ya ce, "Fito da shi tsakar gida. Mu da muka ji jirgi ya kusa, ba mu daina buga ƙararrawa ba."

Ta ce, "Ai shi ya sa aka raba ku biyu."

Ta dai fito da shi. Kafin a gama surfe maƙwabciyarsu Larai ta zo, wai aron rariya. Maƙwabcinsu Muntaka ya leƙo, wai gaisuwa. Zaure ya riƙa cika kullum, Madu yana tsakiya yana maimaita labarinsa, murna fal ransa. Gaskiya ban taɓa ganin mutumin da ake cinye wa rumbu yana washe baki irinsa ba.

Rumbu ya yi ƙasa, sai damin iri kaɗai, wanda in babu shi babu shuka. Matar Muntaka ta haihu, ba ko na kunun jego. Madu ya hau ya sauko da damin nan ya kai wa Muntaka, bai yi shawara da kowa ba.

Da ruwan shuka ya sauka, masu ɗan abin shukawa suka fita da sungumi. Madu ya zauna a zaure, ranar babu labari. Kunya ta kama shi, tsoro kuma ya fi kunyar yawa.

Sai ga Yakaka ta dire wani tulu a gabansa, an liƙe bakinsa da laka. Ta fasa liƙin. Gero ne a cikin toka, ko ƙwaro bai taɓa shi ba.

Ta ce, "Tun ranar da ka sa na fito da turmi, duk sussuka sai na ɗebi tafi guda. Shekara nawa kana ba ni labarin nan, Malam? Kai ƙararrawa ka riƙe, ni kwalekwale na ji."

Madu ya dumbuza, yana dariya har da ƙwalla. Can ya yi ƙasa da murya. "Zai ishe mu da Muntaka kuwa?"

Ta ce, "Yau na san ka? Tulu biyu ne."