Ƙararrawar da Aka Kashe

Galih ya sake zaro wayarsa, ya ɓoye ta a bayan farantin da ke hannunsa. Layin da ke nuna yawan saƙonnin da suka maƙale, wanda ya bari a kwance da safe, ya miƙe, sai hawa yake yi.

Aikinsa ke nan a wannan kamfani na kai magani gida-gida a birnin Semarang: sa ido a kan rajista. Duk saƙon da zai fita daga wayar mai saye zuwa kantin magani, ko daga kanti zuwa ɗan babur, sai ya tsaya ya tambayi rajista yadda aka tsara shi: ina gurbin suna, ina na adireshi, ina na magani. In ta amsa da wuri, ba wanda ya san da zamanta. In ta yi nauyi, saƙonni su yi layi, magani ya zauna a kanti.

Yau ta yi nauyi. Sabon tsarin da aka ɗora mata da safe, wanda dominsa ake wannan walima, shi ne yake shaƙe ta.

Babban allon bango kuwa kore shar. Galih ne ya kashe ƙararrawar da ke ihu in rajista ta samu matsala, allon ya daskare a kan kore, wayoyin ma'aikata suka yi tsit. Mbak Ratri, shugabar sashensu, ita ta sa shi. A nan Mbak ake ce wa mace don girmamawa, Mas namiji, Pak kuwa dattijo.

"Kashe ta har a watse," ta ce masa da safe. "Pak Harjono ba ya son ja a gaban baƙi. Bara ta yi ihu ana tsakiyar addu'a, har yau bai huce ba."

Yanzu Pak Harjono, babban darakta, yana tsaye a gaban teburi yana jawabi. A kan teburin an tula shinkafa mai kurkum ta yi tsini, kewaye da ƙwai da soyayyiyar kaza. Ba mai fita, ba mai taɓa waya, sai an yanke tsinin an miƙa wa wanda aka fi girmamawa.

Wisnu, wanda teburinsu ɗaya, ya zungure shi da gwiwar hannu. "Mas Galih, wannan mutsu-mutsun fa? Ciki ya ɓaci tun ba ka taɓa barkonon ba?"

Galih ya karkata masa wayar.

Wisnu ya duba, murmushinsa ya ɗauke. "Kai. Ni dai ban gani ba, ina da mata da jariri. Kai ma gwaji ake maka, tsohon nan ne zai ce ka zauna ko ka tafi."

Galih ya san haka. Ya ratsa tsakanin mutane, yana ranƙwafawa, hannu ɗaya a ƙasa, har ya isa bayan Mbak Ratri. Ita kaɗai ke da iznin janye sabon tsarin. Tana riƙe da wuƙar yankan a kan tire.

"Mbak, rajista tana nutsewa. Oda ba ta isa kantuna."

Ba ta juyo ba. "Bayan an yanka."

"Mbak, tun ɗazu..."

"Babba yana magana, Galih. A gidanku haka ake yi?"

Ya koma inda yake. Pak Harjono ya shiga labarin yadda ya fara da babur ɗaya da rigar ruwa. Baƙi suka yi dariya inda ya kamata.

Galih ya buɗe ɗaya daga saƙonnin da suka maƙale. Tarkacen alamomi ne kawai, don ba rajistar da za ta ce ga suna, ga magani. Ko maganin tari ne, ko allurar mai ciwon suga, bai sani ba. Wani dai yana zaune a wani gida yana leƙen ƙofa. Gumi ya sauko masa ta wuyan rigar da ya goge musamman domin yau.

Aka yi addu'a, aka shafa. Pak Harjono ya karɓi wuƙa, ya yanke tsinin shinkafar, ya ɗora a ƙaramin faranti. Kowa ya juya wajen babban baƙo.

"Yau zan saɓa al'ada," in ji Pak Harjono. Ya nuna bango da wuƙar. "Ku dubi allon nan. Tun safe ko ɗigon ja babu. Ina sabon yaron nan mai tsaron rajista? Galih, matso, ɗana."

Tafi ya tashi. Wisnu ya karɓe farantin hannunsa, ya tura shi gaba, yana raɗa masa, "Karɓi, ka yi shiru, ka tsira."

Galih ya taka. Abu daga hannun babba da hannu biyu ake karɓa, wayar kuma tana hannunsa na dama. Ya dube ta sau ɗaya. Ya danna da babban yatsa, ya jefa ta aljihu.

Allon ya koma ja gaba ɗaya. Ƙararrawar bango ta fara, sai wayar Wisnu, sai ta Mbak Ratri, sai dukan aljihunan ɗakin. Babban baƙo ya ɗaga kai. Pak Harjono bai motsa ba, farantin yana miƙe a hannunsa.

Galih ya ranƙwafa, ya karɓa da hannu biyu.

"Na gode, Pak."

A bayansa ya ji an ajiye tire, sannan ƙarar takalmin Mbak Ratri, da sauri, zuwa teburinta.