Bokan Mishari Ya San Amsa

Mishari mai sayar da tsofaffin wayoyi a kasuwar Black Market ba ya son wahalar da kai. Shi ya sa a wasan labari da suke yi ran Lahadi a tsakar gidan su Hanan a unguwar Biafra, inda kowa ke da gwarzonsa a takarda, ya zaɓi boka ya zuba masa duk makinsa a basira.

Ranar nan Hanan, mai ba da labarin, ta kai su bakin wata ƙofar dutse mai zane-zanen taurari, ta ce sai wanda ya gane jerinsu zai buɗe ta. Abokan wasansa Imrana da Bushira suka duƙufa suna lissafi.

"Ku daina wannan wahalar banza," in ji Mishari, bakinsa cike da aloko, soyayyar ayaba. "Bokana ya fi ku ƙwaƙwalwa ku duka. Hanan, miƙo ɗan ludon nan mai fuska ashirin a gwada basirarsa."

Ya jefa, ashirin cif! Ya miƙe yana buga ƙirji har maƙwabta suka leƙo.

"Madalla," in ji Hanan. "Bokanka na kallo ɗaya ya gane."

"Voilà! To mece ce amsar?"

"Shi ya sani."

"Ai ni ne shi!"

Hanan ta dube shi sama da ƙasa, ta jawo farantin alokon gabanta.

"Ya so ya yi maka bayani," ta ce, "amma da ya kalle ka da kyau, sai ya juya wajen Bushira."