Antibirus ɗin Yaya Fadilu

Ordinatar ɗin, wato kwamfutar, da Zulkiflu ya ɗauko daga Damagaram sabuwa ce fil, ko ledarta bai gama ɓarewa ba. Ya kafa ta a shagonsa na haɗa bidiyon biki da ke bakin kasuwar Gure, mutane suka yi ta zuwa barka kamar an yi haihuwa. Kuma a garin nan ba a zuwa barka hannu rabbana. Mai goro ya kawo goro. Masu ganin kansu wayayyu kuwa kowa ya zo da kile, ɗan abin nan na ɗaukar fayil, a aljihu, ya soka a jikin na'urar, ya zuba mata antibirus don tsari. Surukinsa ya sa nasa, Mushe Hassane malamin lakkwal, wato makarantar boko, ya sa nasa, Ɗan Kasuwa mai cajin waya ma ya sa. Zulkiflu yana tsaye yana godiya.

Na ƙarshen zuwa shi ne wansa Fadilu, wanda rabon da ya yi masa magana tun rikicin gonar mahaifinsu ta ƙauyen Gamu. Ya shigo bai kalli kowa ba, ya miƙa kile ya ce, "Sa wannan. Ya fi nasu." Zulkiflu ya karɓa da hannu biyu, don wallahi ya yi kewar ɗan'uwan nan nasa.

Daga ranar na'ura ta kama gurnani. Fankarta na juyi kamar injin niƙa, in ka taɓa abu sai ka sha shayi ka dawo bai buɗe ba. Bidiyon sunan da aka kawo masa kuwa, yaron ya kusa fara zama ba a gama ba. Amma kullum bayan la'asar Fadilu zai zo, ya zauna a benci, ya leƙa kusurwar allo ya ga ɗan jan tambarin antibirus ɗinsa yana nan, ya ce, "Yana aiki?" Zulkiflu ya ce, "Yana yi, Yaya." Iyakar hirar ke nan, sai su zauna ƙara ta cika musu shagon har magariba.

Da abin ya ishi masu biki, Zulkiflu ya kira Madam Nasira, malamar ordinatar da aka turo lisse, wato sakandaren garin, daga Tawa. Ta buɗe inda ake ganin aikin ƙwaƙwalwar na'urar, ta nuna masa ɗari bisa ɗari, alhali ba a buɗe komai ba.

"Masu gadi ka tara a ɗaki ɗaya," in ji ta, "kowa na caje ɗan'uwansa. Wa ya sa maka su?"

"Masoya."

"To masoya sun kusa kashe ta."

Ta cire na surukin, Zulkiflu ya ce Allah ya sa kar ya ji. Ta cire na Mushe Hassane, ta cire na Ɗan Kasuwa. Lamba ta ɗan sauko kamar za ta yi abin kirki, ta koma ɗari. Madam ta ɗora yatsa a kan jan tambarin.

"Wannan ba antibirus ba ne ma. Shi ne ciwon."

"A bar wannan, Madam."

"In an bar shi, me na zo yi?"

Zulkiflu ya yi ta kame-kame, ya tambaya ko za a iya rage masa ƙarfi, ko a bar hoton kawai a cire cikin. Madam ta ce ita ba ta san wannan aikin ba. Suna cikin haka Fadilu ya yi sallama, ashe ya jima a bakin ƙofa yana ji. Ya zauna a bencinsa, ya dubi allo, ya dubi ƙasa.

"Cire shi, Madam," ya ce.

Ta cire. Lamba ta faɗo ƙasa warwas, fanka ta lafa, shagon ya yi tsit har ana jin mai awara tana ciniki a waje. Na'ura ta warke sarai, bidiyon suna ya buɗe nan take. Zulkiflu bai taɓa jin baƙin cikin gyaruwar wani abu kamar na ranar ba.

Fadilu ya miƙe, ya gyara hularsa, ya lalubi takalminsa da ƙafa. "To, shi ke nan," ya ce. "Ba sauran abin dubawa."

Ya kai ƙofa Zulkiflu ya ce, "Yaya, Madam ta ce irin wannan ciwon yana dawowa. Sai an samu mai sa mata ido kullum. Ni kuma ka ga aiki ya yi mini yawa."

Madam Nasira, wadda ba ta faɗi haka ba ko da wasa, ta ci gaba da naɗe wayar cajinta ba ta ɗago ba.

Fadilu ya tsaya, bai juyo ba. "Bayan la'asar ya yi?"

"Ya yi, Yaya."