Majanyin Inna Tani

Ranar kasuwar Goronyo ce, sati biyu bayan ƙaramar Sallah. Tun hantsi sama ta yi fari fat, babu gajimare ko na rantsuwa. Ganyen darbejiyar bakin tasha ko motsi ba ya yi. In ka dafa ƙarfen mota sai ka fizge hannu kamar ka taɓa tukunya a kan murhu. Warin albasa ya cika wurin, ya gauraya da hayaƙin manyan motoci.

Mu goma sha biyu ne a ƙarƙashin Atiku. Shi ke karɓo lodi daga direbobi, mu kuma mu saɓa buhu, mu hau katako, mu dire a cikin mota. Kowace safiya yakan zo da ƙaton fulas na shayi. Babu wanda bai san abin da ke narke a ciki ba. Ƙwayoyi ne, irin waɗanda in ka sha ba ka jin nauyi, ba ka jin rana, ba ka tuna ƙishirwa. Ruwan aiki muke ce masa. Shekara biyu na yi ina sha, tun da na bar makaranta na biyo yayana Ismail kasuwa.

"Ku sha ku tashi," in ji Atiku, yana tsiyaya mana a kofin roba. "Mota ba ta jiran rago."

Gab da kiran Azahar, Ismail na gabana a kan katako, ni ina biye. Bayansa nake kallo. Kowa rigarsa ta jiƙe sharkaf, tasa kuwa ta bushe kamar an shanya ta. A tsakiyar katako ya tsaya cik. Buhun ya zame, albasa ta watse, shi ma ya bi ta ƙasa yana shure-shure. Na taɓa goshinsa, zafi kamar dutsen da ya wuni a rana, babu ɗigon gumi.

A keke mai ƙafa uku muka sa shi. Ba mu kai ƙofar asibiti da shi ba.

Washegari Atiku ya zo gaisuwa cikin farin yadi. Ya durƙusa gaban mahaifiyarmu, Inna Tani, ya ce, "Rana ta, Inna. Rana ta, da ajali."

Inna ta dube shi, ta kau da kai.

* * *

Da aka yi sadakar bakwai na ɗauko rigar aiki. Gidan babu mai nema sai ni. Baba ya daɗe da rasuwa, ga Sa'adiyya matar Ismail ta shiga takaba da cikin wata biyar.

Inna ta tare ni a bakin zaure.

"Kamilu, mi kuka sha can kasuwa?"

"Shayi, Inna."

Ta buɗe tafin hannunta. Katin ƙwaya ne, saura biyu a jiki. "Cikin aljihun yayanka na ishe shi, ran da zan wanke wandonai. Wanga shi na shayin?"

Na sunkuyar da kai. Na ce mata ranar nan ba ta ɗaukuwa haka kawai. Duk wanda ya hau katako babu komai a cikinsa, kafin buhu ashirin kansa ya fara juyawa.

"To ji nan," ta ce, muryarta ko rawa ba ta yi. "In ka sake kai abin ga bakinka, ban yahe maka ba. Guda na ba ƙasa, ba ni ba da na biyu."

Na koma ciki na zauna. Kwana tara na yi kamar wanda aka daka a turmi. Ƙasusuwana na ciwo, ga amai, ga hamma ba iyaka, ga fushin da ban san da wa nake yi ba. Sau biyu ina kaiwa bakin ƙofa da niyyar neman Atiku, sai in ga Inna zaune a kan tabarma tana tsintar shinkafa, in juyo.

A rana ta huɗu, da tsakar rana, ina kwance a gindin darbejiyar tsakar gida. A reshenta jarkar Baba ke rataye, wadda yake zuwa fadama da ita. Tun yana raye Inna ta lulluɓe ta da algarara, wato tsohon buhun igiya irin na albasa, ta ɗinke da basilla. Kullum takan jiƙa algararar da safe, iska ta buga, ruwan ciki ya yi sanyi kamar na randa. Na sauko da ita na sha, sannan na manna ta a ƙeyata. Wani sanyi ya gangara mini har gadon baya. Na rufe ido.

Da na buɗe, Inna na tsaye a kaina.

"Ashe jarka ta hi ɗiyana gata," ta ce. "Shekara ashirin ina yi mata sutura, ku kuna ƙuna."

A ranar ta yanko algarara ta ninka, ta jiƙa, ta ɗaura mini a wuya. Sanyi kam akwai. Amma da na sami ƙarfi na gwada ɗaukar buhun gero na zaga tsakar gida sau biyar, sai ga wuyana ya saluɓe kamar an goga masa dutse. Inna ta ce to a yi masa riga. Ta ɗauko atamfarta ta Sallah, sabuwa fil, ta sa almakashi. Muka tsoma a bokiti, ruwa ya bi ta kai ya zube, cikin ko jiƙa bai yi ba.

Daga bakin ɗakinta Sa'adiyya ta yi magana. Tun rasuwar ban ji ta haɗa kalma biyar ba.

"Inna, wagga atamhwa leda ta, ba ta shan ruwa. Sai auduga tsantsa, wadda ta sha wanki."

Inna ta shiga ɗaki, muka ji ƙarar murfin adaka. Ta fito da majanyi, saƙar Wurno, mai kauri, ratsin baƙi da fari duk sun koɗe. Da shi ta goyi Ismail, da shi ta goye ni.

Sa'adiyya ta dafe cikinta. "Inna, na jikanki na hwa. Ke kika ce kin aje mishi."

"Jikana ya hi buƙatar baffa mai rai," in ji Inna. "Jawo kekenki na ɗinki."

Gida shida majanyin ya bayar. Sa'adiyya ta ninka algarara sau uku ta sa a cikin kowanne, ta bi shi da layin ɗinki huɗu a tsaye don kada cikin ya dunƙule, ta bar jela biyu na ɗauri a gaba. Maƙwabta suka yi ta tsegumi, wai gidan makoki ana taka keke. Inna ta ce su zo su ji da kyau.

* * *

Ranar da na koma kasuwa, rana ta fi ta ranar Ismail. Na zo da bokiti, da jarkar Baba, da abin a wuyana yana ɗiga.

Mujaheed ne ya fara hango ni. Abokina ne, ƙato, bakinsa ba ya rufuwa.

"Jama'a, ga amarya! Kamilu, wa ya sai maka gyale?"

Aka kwashe da dariya. Wani ya ce saura jan baki. Atiku ya miƙo mini kofi.

"Na bari," na ce.

"Ka bari?" Ya dube ni sama da ƙasa. "Wanda bai sha ba shina tare min layi. Ba ka hawa katakona da tsumma. Tai can wurin tsohhi."

Wurin tsofaffi shi ne inuwar wata rumfa, inda waɗanda Atiku ba ya ɗauka suke zama suna jiran ɗan aikin da ya ragu. Babbansu Baba Ƙasimu, wanda ya yi shekara talatin yana dako, bai taɓa shan ruwan aiki ba, don haka aka mayar da shi ɗinkin bakin buhu. Ya shafa abin wuyana, ya matsa, ya shinshina.

"Ɗana, wanga ai hikimar jarka ta. Akwai saura?"

Na buɗe leda. Shi da mutum huɗu kowa ya ɗauka.

Wajen ƙarfe goma wani direba mai suna Faruk ya zo yana faɗa. Motarsa na jiran buhu ɗari biyu da ashirin, Atiku ya ce sai ya gama da wata. Shi kuma dole ya tashi da La'asar, in ba haka ba albasa ta kwana a zafi ta fara ruɓa.

"Ba mu," in ji Baba Ƙasimu.

Faruk ya ƙirga mu da ido. "Ku shida? Da hurhura? In La'asar ta yi ba ku gama ba, na kira Atiku ya ƙarasa, ku kuma kun yi aikin Allah."

Na san me hakan ke nufi. In muka gaza, babu direban da zai sake kallonmu, ni kuma ko in koma kofin Atiku ko in zauna gida in kalli Inna da Sa'adiyya.

Baba Ƙasimu ya kafa doka. Kowane buhu biyar, a tsoma abin wuya a bokiti, a kurɓi ruwa. Ba gudu. Muka fara.

Motocin biyu na kusa da juna. Yaran Atiku gudu suke a kan katako, suna ihu, suna mana waƙar amarya. Sun kai rabi mu ko kashi ɗaya cikin uku ba mu yi ba. A buhu na ashirin wani abu a cikin kaina ya fara cewa kofi ɗaya kawai. Na tsoma majanyin, na mayar. Ruwan ya bi ƙirjina. Wani ƙamshi ya taso daga saƙar, na adakar Inna. Na saɓa buhu na gaba.

Bayan Azahar waƙar ta mutu. Na ɗaga kai na ga Mujaheed a tsakiyar katakonsu, ya tsaya cik. Rigarsa a bushe.

Ban san lokacin da na yar da buhuna ba. Kafin in isa ya faɗo, bakinsa ya daki ƙarfen mota.

"Ku matsa, ya huta ya tashi!" Atiku ke ihu. "Ku ci gaba da lodi!"

Babu wanda ya saurare shi. Muka ja Mujaheed inuwa, muka yage rigar. Na ciro na wuyana na ɗaura masa. Baba Ƙasimu da sauran suka ciro nasu, aka cusa a hammata, aka ɗora a goshi. Na juye masa jarkar Baba gaba ɗaya, wani na yi masa fifita da kwali. Haka muka sa shi a keke, jiƙe, Baba Ƙasimu na riƙe da kansa.

Na tsaya a tsakiyar tasha, wuyana babu komai, mota ko rabi ba ta yi ba, mun koma mu biyar. Faruk ya duba agogo ya girgiza kai.

Ba a yi awa guda ba keken ya dawo. Baba Ƙasimu ya sauko da majanyin shida a hannu, yana dariya da ragowar haƙoransa.

"Ya buɗe ido! An sa mishi ruwa. Likita ta ce jiƙon da munka yi shi ya tsai da shi. Kamilu, ya ce in gaya ma amarya ya gode."

Wani daga yaran Atiku, wanda ya ce saura jan baki, ya tako a hankali ya tsaya gaban bokitinmu.

"In na kama muku, kuna ara min in na gaji?"

Bayansa wani ya biyo, sai wani. Mutum bakwai suka tsallako. Majanyi shida, wuya goma sha uku, muka riƙa karɓa-karɓa: mai saukowa ya cire, ya tsoma, ya ɗaura wa mai hawa. Ladan na cewa Allahu Akbar na La'asar, ni ina dire buhu na ɗari biyu da ashirin. Faruk ya danna ham sau uku. Masu shayi da masu awo suka yi ta tafi. Daga saman mota na hango Atiku zaune a kan benci, fulas a tsakanin ƙafafunsa, da sauran mutum biyu.

Da na isa gida na kwance majanyin na miƙa wa Inna, ya yi baƙi da datti, yana warin albasa. Ta dubi idona da kyau, ta daɗe tana dubawa. Sannan ta juya ta ce, "Sa'adiyya, gobe a nemo tsohhin zannuwa."

* * *

Yanzu keken Sa'adiyya ba ya hutawa daga ƙarshen sanyi har faɗuwar ruwa. Mata masu yankan albasa a Rara suna aikowa, masu babur na hanyar Wurno suna tsayawa a ƙofar gida, har daga Magarya an zo. Baba Ƙasimu ke karɓo mana lodi, kuma a gindin katakonmu bokiti ne. Cikin yaran da suka tsallako, ba duka suka bar ƙwaya ba. Biyu sun koma. Atiku kuwa ya bar Goronyo, na ji yana wata kasuwa da sabon fulas da sababbin yara goma sha biyu.

Sa'adiyya ta haihu da damina, namiji. Aka mayar masa da sunan ubansa. Da tawul ɗin kasuwa Inna ke goya shi, mai hoton fure, kullum yana zamewa tana gyarawa.

Ran suna, bayan mutane sun watse, na zauna gindin darbejiya na ƙirga abin da ya tafi. Atamfar Sallah turmi guda. Majanyi guda, da aka yi gida shida. Haƙoran Mujaheed biyu na gaba. Shekaruna biyu a kofin roba. Da Ismail, mai shekara ashirin da tara.