Ƙudurin Kansila

Ranar da aka raba ƙaramar hukumar gida biyu, iyaka ta bi ta tsakiyar layinsu. Gidan Ticha ya faɗa a tsohuwa, gidan Kansila da ke kallonsa ya faɗa a sabuwa. Famfon unguwa, wanda Kansila ya ƙarar da ƙarfinsa a kai lokacin yana majalisa, ya tsaya daidai kan iyakar. Da bututu ya fashe, tsohuwar hukuma ta ce na sabuwa ne, sabuwa ta ce titin na ma'aikatar ayyuka ta ƙasa ne, ma'aikata ta ce ita kwalta ta sani.

Kansila bai ga laifin kowa ba. "Tsari ne, Ticha. Daga mazaɓa sai kwamiti, daga kwamiti sai majalisa, majalisa ta tura sama. Komai da ƙofarsa."

"Na koyar da tarihin dauloli har na tsufa," in ji Ticha, "ban ga wanda ƙofa ta shayar ba."

Ticha ya daina yarda da ƙofofi tun da matarsa ta cika a kan bencin asibitin hukuma, ana jiran likitan da aka ce ma'aikatar lafiya ce ke turo shi.

Da ciwo ya kwantar da Kansila, sai majalisa ta tare a ɗakinsa. Ya sa 'yarsa ta jera kujerun roba kewaye da gadon. Da rana ta karkata, hasken labule ya zubo a kansu rawaya, sai ya shiga gaisawa da abokan aikinsa da suka daɗe da rasuwa, yana yi wa wakilin kasuwa tsiyar makara. Ticha ma an ba shi kujera kusa da taga, an naɗa shi wakilin tsallaken titi.

"Mai girma shugaba," Kansila ya ce wa kabad ɗin kaya, "ina gabatar da ƙuduri. A gyara famfo. Wa ya goyi baya?"

A ƙa'idar majalisa, ƙudurin da bai samu mai goyon baya ba ya mutu nan take. Kansila ya bi kujerun da ido. Ba wadda ta motsa.

"Na goyi baya, Baba," in ji 'yar.

"Ke 'yar kallo ce, ba ki da kujera."

Ya juyo da kai wajen taga. Ticha ya cire tabarau ya shiga gogewa.

A tsakar gida 'yar ta tare shi. "Haba, Baba Ticha. Kullum da wannan yake kwana. Ka ce masa ka goyi baya mana, me zai rage ka da shi?"

"Ban yi masa ƙarya yana da lafiya ba, 'yata. Ba zan fara yanzu ba."

Haka aka yi ta zama. Kullum muryar tana ƙara sirancewa, kullum ƙudurin yana mutuwa, Kansila ya lumshe ido ya ce, "An ɗage zama."

Wata rana da hantsi barci ya sace Ticha da littafi a ƙirji. Ya ga ruwa yana gangarowa ta gefe biyu na layin, a hankali, ba ƙara. Matarsa tana tsugune tana ɗauraye kwanuka, ba ta ɗago ba ta ce, "Kai dai da taurin kai." Ya farka yana jin sanyi a tafin ƙafarsa.

Ya ciro rigarsa ta zuwa taro, ya goge takalmi, tunda wakili ba ya shiga majalisa a yamutse. Ya tsallaka titi.

Takalma sun cika ƙofar gidan Kansila. Maƙwabta suna fitar da kujerun roba zuwa inuwa saboda masu zuwa gaisuwa. 'Yar ta dube shi, ta dubi rigar, ta kauce ta ba shi hanya.

An lulluɓe Kansila da farin zanen gado. Kujerar da ke kusa da taga kaɗai aka bari. Ticha ya zauna, ya gyara rigar a gwiwa, ya ɗaga hannun dama kaɗan kamar mai neman izinin shugaba. Fanka tana juyawa a sama, gefen zanen yana ɗan motsi. Ya buɗe baki. Na goyi baya, abin da ya zo da shi ke nan.