Muƙamin Sanda a Gari Mai Marfi

A daren jiya mafarki ya kai ni wani gari mai marfi irin na akwati. A can, da zarar rana ta faɗi, duk abin da ba a rufe ba sama yake faɗawa. Saboda haka kowace magariba jama'a kan ja marfin da igiyoyi su rufe garin, da safe kuma wani ƙaton sifirin da aka naɗe a jikin sandar ƙarfe ya ɗaga shi. Sandar ce ta yi ritaya.

Shugabar ma'aikata wata zabuwa ce mai tabarau. Ta ce, "Malam Shu'aibu, an ce har ka gama aikin akawu ba ka taɓa motsawa daga kujerarka ba."

"Ranki ya daɗe, ko ƙarin girma bai motsa ni ba."

"To, kai ne sabuwar sanda."

Sai ga ni kwance a cikin sifirin, sanye da babbar riga da ta sha sitaci, domin ban saba kama muƙami da 'yar shara ba. Sifirin ɗin dattijo ne mai ladabi. Ya tambayi iyali, sannan ya ce, "Malam, da rigar nan ka cika ni. Idan aka murɗa ni tsukewa nake yi, dole sanda ta bar mini ɗan fili."

Na ce masa cike gurbi aka ɗauke ni in yi.

Magariba ta yi. Aka ja igiyoyi, marfi ya sunkuyo, dattijon ya soma matse ni. A rabin hanya marfin ya cije. Tukwane suka fara tashi, tabarmi na bin su. Wani mai gawayi ya wuce ta gabana, ƙafafu a sama, ya ce, "Sannu da aiki, yallaɓai."

Zabuwa, tana reto a jikin igiya, ta ce, "Malam, rigar ko garin?"

Na ce zan duba lamarin. Da na ga wata tsohuwa ta ɗaga da turminta, sai na ce a sassauta igiya. Na tuɓe rigar, ta yi sama ita kaɗai, hannuwa a buɗe.

Aka sake ja. Sifirin ya tsuke, ya tsuke, ya tsaya daf da haƙarƙarina, tsakaninmu abin da zare zai wuce. Marfi ya rufe. Jama'a suka yi wa marfin guɗa, aka yi wa sifirin naɗin rawani. Ba wanda ya ambaci sunana. Ina kwance sambal, daga ni sai singileti, garin nan kaf a kaina ya juya, kuma ban lanƙwashe ba. Ban taɓa jin girma irin wannan ba.

Ƙarar tarkon ɓera ce ta tashe ni da asuba. Na je na duba: ya kama. Uwargida ta yaba wa tarkon. Ni kuwa na sunkuya na gaida 'yar ƙusar da ke cikin sifirin ɗinsa, gaisuwar abokan aiki.