Lissafin 'Yan Tsallaken Dogo

An daɗe ana cewa a sakandaren gwamnati ta unguwarmu yaran tsallaken layin dogo ba su da kan lissafi. Wasu su ce ruwan rijiyar can ne, wasu su ce gado ne. Ni dai a aikin haɗa magunguna na tsufa, kuma ban taɓa ganin ruwan da ke wanke lissafi ya bar Turanci ba. Amma ban sa baki ba sai da maganar ta shigo gidana.

Jikata, wadda muke kira Likita tun tana ɗaure wa kyanwa ƙafa da tsumma, a tsallake suke zaune. Ajin kimiyya take so, makaranta kuwa ta ce sakamakonta na lissafi bai kai ba, za a tura ta wani aji idan aka dawo hutu. Ubanta, ɗana na biyu, har ya haƙura.

"Mama, ba ita kaɗai ba ce. Duk yaran layinmu haka suke."

Na ce, "A gidana ka koyi ƙirga. Da ka tsallaka dogo sai ya zube a hanya?"

Na kwana a wurinsu. Da safe na ɗauki jakata na bi ta zuwa bakin titi, tana ta jan jiki gefe.

"Kaka, don Allah kar ki ce tare muke."

"Wa zai yarda? Na fi ki kyau."

Bas ɗin ya cika da yara masu kayan makaranta, wasu a tsaye, jakunkuna a ka. Muna isa mararrabar dogo aka sauke ƙarfen tare hanya. Jirgin kaya ne, mai tafiya kamar an tilasta masa. Direba ya kashe mota ya fito da asuwaki. Babu yaron da ya ɗaga kai, na gane ba yau aka fara ba.

Da muka isa an riga an kaɗa ƙararrawa. Malamin horo yana bakin ƙofa da tarin tsintsiya a gefensa, kowane makararre ya ɗauki ɗaya. Ya dube ni, ya dubi tsintsiyar, ya ga dai bai kamata ba.

Na zauna kan benci ƙarƙashin bishiya. Ban taɓa ganin filin makaranta mai tsabta irin wannan ba. Ko allura ta faɗi za ka tsince ta. Likita tana sharar gindin tagar ajinsu, tana shara tana miƙa wuya don ta hango allo. Daga ciki ina jin muryar malami da ƙarar alli. Sai da ya fito yana kaɗe hannu aka karɓi tsintsiyoyi.

Na tare shi. Matashi ne mai fara'a, har da rusunawa.

"Malam, me ka koyar yanzu?"

"Lissafi, Mama. Ni kullum darasin farko nake ɗauka. Da safe ƙwaƙwalwa tana sabuwa, binciken masana ne."

"Masanan sun faɗi inda ƙwaƙwalwar za ta kasance? A aji ko a tsakar fili?"

Ya yi dariya don ladabi, bai gane ba tukuna. Na ce ya raka ni ofishin shugaban makaranta.

Shugaban mutum ne mai son tsari. Ya ba ni kujera, ya yi mini bayani a hankali, irin wanda ake yi wa tsofaffi, cewa kusan rabin ɗalibansa daga tsallake suke, suna ƙoƙari a komai, lissafi ne kawai Allah bai ba su ba. Horon makara kuwa ba ya ɗaga wa kowa ƙafa.

Na ce, "Ranka ya daɗe, kira mini waɗanda suka yi shara yau. 'Yan wannan gefen dogon kawai."

Ya aika. Muka jira. Aka dawo da yaro ɗaya, shi ma ciwon ciki ne ya tsayar da shi.

Shugaban ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Malamin lissafi ya ce a hankali, "Ni na ɗauka gudun darasina suke yi."

"Suna gindin tagarka, ɗana. Mai gudu ba ya miƙa wuya."

Batun janye shara bai ma taso ba, shugaban ya ce idan aka sassauta yau, gobe kowa sai ya ga dama zai zo. Jirgi kuma ba a hannunsa yake ba. Abin da ya yarda da shi, bayan mun sha ja-in-ja, shi ne a mayar da lissafi bayan tara, a kawo Turanci farko, a kuma ɗage maganar rabon aji zuwa ƙarshen zango mai zuwa. Malamin lissafi ya so ya sake ambaton masana, ya dube ni, ya fasa.

A hanyar gida Likita ta ce na kunyata ta, yanzu duk makaranta ana ce mata jikar sufeto. Na saya mata ruwan sanyi, ta huce.

Ƙarshen zangon ta samu ajin kimiyya, ita da 'yan layinsu da dama. A zangon ne kuma 'yan tsallaken dogo suka fara faɗuwa a Turanci.